Yadda ake liƙa wa baka fata da gyara shi in ya tsage

In ka ga wani ɗan sili ya ɗago a bayan bakanka, wato ɓangaren da ke kallon abin harbi, to maza sauke tsarkiya kar ka ƙara ja. Bayan nan shi ke miƙewa duk jan da ka yi, cikin kuma matsewa yake, shi ya sa yawanci karaya daga baya take farowa, ga hunturun Kano ba ya raga wa ice ko dargaza ne ko gora.

Silin in ƙarami ne ɗiga masa sufa gulu ka danne, ka naɗe da zare mai ƙarfi har ka zarce wurin sama da ƙasa.

Sai batun fata, wadda ake liƙa wa bayan bakan don ta riƙe shi. Ɗanyar fatar akuya za ka nema wajen mahauta, a kankare gashi da kitse ta bushe, banda jemammiya irin ta masu jaka da takalmi a kasuwar Kurmi, wannan miƙewa kawai take ba ta riƙe komai. Yanko dogayen tsiri biyu da suka ɗan fi bakan faɗi, jiƙa su a ruwa su yi laushi, ka tsane da tsumma. Bayan bakan kuma ka bi shi da sanfefa sama-sama, don Allah kar ka ci icen, sannan ka goge maiƙo tas don gam ba ya kama wurin da hannu ya shafe da mai. Farin gam na kafintoci yana yi, amma ni na fi son wanda ake dafawa da guntayen fata har ruwan ya yi danƙo, da ɗuminsa ake shafawa. Shimfiɗa kowane tsiri daga mariƙi zuwa ƙarshe kana bi da babban yatsa kana koro iska, kumfa ɗaya in ta maƙale nan fatar za ta ɗago. Naɗe da bandeji ka ajiye a inuwa kamar sati guda, da damina ƙara haƙuri, kuma ba a shanya shi a rana.

Ya bushe? Datse gefe da reza, shafa banish saboda laima, ɗaura tsarkiya ka fara ja kaɗan-kaɗan kana kasa kunne, in ka ji ƙas to tsaya.

Tsagar da ta gitta icen kuwa fata ba ta maganinta, sai dai ta ɓoye ta, ranar hawa bakan ya fashe maka a fuska. Wannan a rataye shi a sassaƙo wani.