Yaronka ya fara ɗaga ƙarfe: yadda za ka gane ko yana allurar gina jiki, da abin da za ka yi

Yanzu kusan kowace unguwa akwai wajen ɗaga ƙarfe, wani jim ne na gaske mai madubi da fanka da kuɗin wata, wani kuma kango ne kawai an cika gwangwanin fenti biyu da siminti an soka rodi a tsakiya, samari su taru bayan asuba ko bayan la'asar suna ta nishi. Ni dai ban ga aibin wannan ba, yaron da ke tashi da sassafe ya je ya yi gumi ya fi wanda ke kwana a majalisa har ƙarfe ɗayan dare. Abin damuwar shi ne allura da ƙwayoyin da suka shigo harkar, kuma yawancin iyaye ko sunansu ba su taɓa ji ba balle su gane alamarsu, sai dai a yi ta cewa "kai masha Allah yaron nan ya murje."

Toh ka fara sanin abin da kake nema tukuna. Abin da 'yan ƙarfe ke cewa sitiroyid, sinadarin namiji ne wato testosteron da danginsa da aka haɗa a masana'anta. Akwai na allura irin su Sustanon da Deca-Durabolin, akwai na haɗiya irin su Dianabol da Winstrol da Anavar, har akwai wanda ake cewa tiren, wanda asalinsa don kiwon shanu aka yi shi ba don ɗan Adam ba. Wasu daga ciki magani ne na gaskiya da likita ke ba wanda jikinsa ba ya samar da sinadarin, amma abin da yara ke ɗura wa kansu ya ninka na likita sau da yawa, kuma sukan haɗa biyu ko uku a tare na tsawon makonni, su ce suna kan saikul. In ka ji wannan kalmar a bakin yaronka ko ka gan ta a hirarsa ta WhatsApp to ka buɗe ido.

Akwai kuma kashi na biyu da ya fi yawa a wajenmu saboda arha, deksa, wato maganin kumburin nan dexamethasone, da ƙwayoyin buɗe ciki irin waɗanda mata ke sha don ƙiba, su sha-ka-fashe. Yaro siriri da aka dame shi da tsokana sai ya je kemis ya saya yana zaton tsoka zai yi. Deksa ba ta gina tsoka ko kaɗan, cinye ta ma take yi, abin da take kawowa ruwa ne da kitse a fuska da ciki da bayan wuya, ga ciwon suga ga raunin ƙashi. Wasu kuma tiramol suke haɗiya kafin su shiga jim wai don kada su ji gajiya, wannan shaye-shaye ne kai tsaye ba sai an yi dogon bayani ba.

Kada kuma ka rikice da garin furotin da ke zuwa cikin manyan robobin nan. Daga madara ake fitar da shi, abinci ne, haka kiriyatin, wani garin da 'yan ƙarfe ke sha don ƙarin ƙarfi, shi ma ba sitiroyid ba ne. Akwai uban da zai ga robar ya ɗaga hankalin gida ya zubar da ita a kwata alhali kwalbar allurar tana cikin safa a ƙarƙashin katifa. Abin dubawa a robar dai lambar NAFDAC da inda aka saye ta, don jabu sun yi yawa kuma an sha samun irin waɗannan garin an cakuɗa musu sitiroyid ba a rubuta a jiki ba.

Sai alamomi, kuma a nan uwa ta fi uba gani don ita ke ganin kayan wankinsa da kwanon abincinsa. Babbar alama ita ce sauri. Yaron da ke cin abinci sosai yana motsa jiki tsakani da Allah, in ya ƙara kilo ɗaya na tsoka a wata ya yi ƙoƙari matuƙa, shi ma a shekararsa ta farko ne. In cikin wata biyu ka ga rigar sallarsa ta kasa shiga, kafaɗu sun yi tudu, wuya ya cika, to ba wake da shinkafa ba ne kaɗai. Ka duba bayansa ranar da ya fito daga wanka, kuraje manya masu ruwa a baya da kafaɗa da ƙirji, ba irin 'yan ƙananan na balaga da ke fitowa a goshi ba, fata tana ta maiƙo, nankarwa ja a gefen hammata, gashin gaban kai ya fara zubewa yaro ɗan shekara 17 yana neman yin sanƙo. Wani sai ka ga yana zama a karkace ko yana ɗingishi kwana ɗaya biyu saboda wajen allurar a ɗuwawu ko cinya ya kumbura. Wani kuma ya daina cire riga a tsakar gida gaba ɗaya ko da ana zafin bazara, sau da yawa nono ne ya fara fito masa yana jin kunya, don jiki yana juya rarar sinadarin namijin ya koma na mata.

Hali ma yana canzawa, fushi kan abin da bai kai ya kawo ba, ƙanensa ya taɓa masa caja ya ɗauke shi da mari, ba ya barci, kuɗi ba sa isarsa kullum. Amma alama ɗaya ba hujja ba ce, samari dama akwai kuraje akwai zafin kai, sai ka ga uku ko huɗu sun haɗu, ko ka tsinci sirinji ko ƙaramar kwalba mai murfin roba da ruwa kamar mai a ciki. In ka tsinta ka ɗauki hotonta da waya yadda sunan zai fito, ka mayar da ita inda take. Likita zai buƙaci sunan.

Yanzu maganar yadda za a tunkare shi, kuma nan ne aka fi ɓata lamarin. Kada ka tara gida, kada ka yi a gaban ƙannensa, kada ka ɗauko bulala, yaron da ya fi ka damtse duka ba zai yi masa komai ba sai dai ya koma yi a ɗakin abokinsa inda ba mai gani. Kuma mu faɗi gaskiya maganar nan tana taɓa wuraren da uba Bahaushe ba ya iya furtawa a gaban ɗansa, balle in ɗan fari ne da ko sunansa ba a kira. Toh ba dole sai kai ba, akwai kawunsa akwai baffansa ƙarami, akwai yayansa da ya yi aure wanda suke hirar ƙwallo tare, a ba shi aikin. Ya ɗauke shi a mashin su fita shan shayi, ya fara da yabo don abin yabon yana nan, "ɗana na ga jiki ya yi kyau, me kake ci ne haka, me ake ba ku a wajen?" sai ya yi shiru ya saurara. Mai yiwuwa ya ce "wallahi kawu furotin ne kawai." Kada a ce ƙarya yake, a ce to madalla mu je a auna jini mu tabbatar komai lafiya.

Kuma kada a ce masa abin ba ya aiki, yana aiki, ya gani a madubi, in ka musa wannan ba zai ƙara yarda da komai daga bakinka ba. Ɗan tseren Kanada Ben Johnson da shi ya yi gudun mita 100 cikin daƙiƙa 9.79 a gasar Olamfik ta Seoul a 1988 kafin a gano a ƙwace lambar zinaren. Ciwon zuciya a shekara 40 ma ba ya tsorata ɗan 16, gani yake ba zai taɓa kaiwa can ba. Abu biyu ne ke shiga kunnensa, tsawo da aure.

Tsawon, a ƙarshen dogayen ƙasusuwa akwai guringuntsi da yaro ke ƙara tsayi ta wajen, yana rufewa da kansa wajen shekara 16 zuwa 18 ko a ɗan wuce. Sitiroyid yana sa ya rufe da wuri, in ya rufe kuma shikenan babu maganin da ke buɗe shi, yaro ya tsaya a inda yake har abada. Auren kuwa, idan ƙwaƙwalwa ta ga sinadarin ya cika jini sai ta daina aika wa maraina saƙon su yi nasu, kamar yadda ake kashe janareta in an kawo wuta, sai ranar da aka ɗauke a ja a ja ya ƙi tashi. Maraina su ƙanƙance, ƙwayoyin haihuwa a maniyyi su ragu har su kai babu. Ba tatsuniya ba ce, Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa gwada allurar testosteron a matsayin maganin hana haihuwa na maza, an fitar da sakamakon a 1990 kuma ta yi aiki. Yawanci jiki yana farfaɗowa bayan watanni da dainawa, wasu sai shekara ko fiye, wasu ba sa dawowa daidai. Nonon da ya riga ya yi ƙwari kuma sai tiyata.

Sauran illolin kai uba kai ya kamata ka riƙe su, hawan jini, kaurin jini, zuciya ta yi girman da bai dace ba, na haɗiyar kuma sun fi cin hanta. Ga sirinji ɗaya da yara uku ke karɓa-karɓa, hanyar ciwon hanta da ƙanjamau kenan. In ka ga idonsa ya yi rawaya kamar mai shawara, ko fitsari ya yi duhu, ko yana kukan ciwon ƙirji da haki, ko wajen allurar ya yi ƙurji da zazzaɓi, wannan ba na jira ba ne asibiti a ranar.

Ko babu ɗaya daga cikin waɗannan a kai shi wajen likita, likita na asibiti ba mai kemis ba. A nuna hoton kwalbar, a faɗi tun yaushe ya fara, a auna hawan jini, a yi gwajin hanta da ƙoda da kitsen jini da kaurin jini, in da hali a auna sinadarin kansa. Manyan asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano ko na Shika a Zariya suna da likitocin wannan fanni. Ka fita ka bar su su biyu na ɗan lokaci, akwai abin da ba zai faɗa kana zaune ba. Wanda ya daɗe yana shan deksa musamman kada a yanke masa rana ɗaya, jiki na iya rushewa jini ya faɗi, likita ne ke rage ta a hankali.

Abin da na fi so iyaye su riƙe shi ne lokacin da ya fi haɗari bayan dainawa ne, daidai lokacin da kowa ya saki jiki ana cewa alhamdulillahi an rabu da abu. Sinadarin waje ya yanke, na jiki bai dawo ba, sai yaro ya zama ba kuzari ba sha'awar komai, jikin da ya sha wahala a kai yana zubewa a gaban idonsa, abokai suna "ya dai, ka sace ne?" Ciwon damuwa mai tsanani yana shiga a nan. A jihar Texas ta Amurka akwai wani yaro ɗan wasa mai shekara 17, Taylor Hooton, da ya kashe kansa a 2003 jim kaɗan bayan ya daina sitiroyid, mahaifinsa ya kafa gidauniya da sunansa yana faɗakar da iyaye har ya yi bayani a gaban majalisar dokokin ƙasar a 2005. Don haka makonnin nan kada a bar shi shi kaɗai a shagon ƙofar gida, ya riƙa cin abinci cikin mutane, a lura da barcinsa, in ya fara maganar gara mutuwa ko ya rufe kansa a ɗaki kada a ce iskanci ne ko aljanu, a yi addu'a a kuma koma asibiti da gaggawa.

Kuma don Allah kada a hana shi ƙarfen. In ka raba shi da allura ka raba shi da jim rana ɗaya ka ƙwace masa komai, ƙarfen ne zai riƙe masa sauran jikin da hankalinsa. Wajen za a canza in can ne ake sayarwa. Ka je da ƙafarka ka ga wurin, ka gaisa da kocin ka tambaye shi ra'ayinsa kan allura kana kallon fuskarsa, wanda ya ce "ai in an san yadda ake yi ba matsala Alhaji" ka ɗauke ɗanka. Mai sayar wa yara kuma a kai rahotonsa NAFDAC ko NDLEA, ba sai an je an yi rigima da shi ba.

Sai ka sa hannu a aljihu ta ɓangaren abinci, don yaron da ke ɗaga ƙarfe da koko da biredi dole ya ga ba ya ci gaba ya nemi gajeriyar hanya. Mai nauyin kilo 60 giram 90 zuwa 100 na furotin a rana ya ishe shi, ƙwai ɗaya yana da kamar giram 6, sauran a cike da wake, awara, kindirmo, ƙuli-ƙuli, kifi, alale, nama in an samu. Ki ƙara masa ludayin wake Hajiya, ki dafa ƙwai uku ki ajiye masa kafin ya dawo, ya yi barcin awa 8, a sayi tef ɗin tela a riƙa auna damtsen duk ƙarshen wata ana rubutawa a bayan kalanda don ya ga da idonsa yana ƙaruwa ko da kaɗan kaɗan ne. Bayan wata uku a koma a maimaita gwajin jinin, kuma a gaya masa tun yanzu cewa za a koma.