Bindigar iska: kurakuran da mutanenmu sunka fi yi wurin zaɓe

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina riƙe da bindigar iska nan Tawa, wadda wasu ke cewa karabin, saboda gafiya da ɓeraye da sunka addabi mangazar albasarmu, kuma da yake an san ina ɗan taɓa gyaranta kusan duk wata sai an kawo mini ɗaya da ta lalace. Abin da ke ba ni tausayi shi ne yawancinsu tun ranar saye anka yi kuskuren, mutum ya zuba kuɗinshi a kan abin da bai dace da hannunshi ba ballantana zafinmu da ƙurarmu.

Babban abin da ke ruɗin mutane shi ne lambar gudun da anka buga ɓaro-ɓaro bisa kwali, mita 300 ko 360 a daƙiƙa. Sau da yawa da wani harsashi mara nauyi wanda ba na dalma ba ake gwada wannan gudun, in ka sa na dalma na gaskiya sai ya sauko. Kuma ko da ta kai, ba alheri ba ne, don harsashin nan mai siririn ƙugu in ya matso kusa da gudun sauti, wajen mita 340 a daƙiƙa, sai ya fara tangal-tangal a iska, ka auna nan ya faɗa can. Ƙarfin da za ka tambaya shi ne jul nawa take da shi, jul shi ne ma'aunin ƙarfin da harsashi ke fita da shi. A Jamus jul 7.5 ne iyakar wadda babba ke saye ba lasisi, a Faransa in ta kai jul 20 sai da takarda. Wannan dokarsu ce can, mu nan ka je komisariya ka yi tambaya kafin ka fidda ko dala. Amma dai ka ga 7.5 ɗin nan da ake rainawa, da ita ake gasar harbin mita 10.

To sai maganar nauyi, nan ne nake so in tsaya da kyau don nan ni kaina na sha wuya. Kowa na son mara nauyi kuma gajera, wadda zai rataya ya hau moto, kuma yana son ta da ƙarfin gaske, alhali a bindiga mai resor, wato sifirin, abubuwan nan ba su cika zama wuri guda ba. Cikinta akwai fistan da resor ke ingizawa da ƙarfi, yana motsi tun harsashi bai bar bututu ba, in jikin bindigar ba shi da nauyin da zai shanye wannan girgizar sai ta yi ta zillo a hannunka. Ta farko da na saya haka take, kamar kara don rashin nauyi, na kafa gwangwanin tumatir taku ashirin na yi harbi goma, biyu kawai na samu, na yi ta zargin idona. Ga kuma gajartar bututu, tunda da shi ake karya ta a ɗana, duk yadda ya gajarta haka ɗanawar ke ƙara tauri, kamar ka kama kwashe daga tsakiyar ƙota. Harbi talatin kafaɗa ta riƙe. Dubi Weihrauch HW30 ta Jamus, kilo biyu da rabi ce, tsawonta bai cika mita ɗaya ba, amma ƙarfinta daidai jikinta anka yi shi, shi ya sa take kwance lafiya a hannu. Hatsan 125 ta Turkiyya kuwa ta haura mita 1.2 tana dosar kilo 4, ba don ado anka yi ta haka ba. Gyaran shi ne ka ɗauke ta a shago, ka kafa gindinta a kafaɗa ka ƙirga ashirin kana auna wani abu, ka roƙi mai kaya ka karya ta ka ji taurin. Kada ka manta lunet, wato madubin saiti da ake azawa bisa bindiga, da ƙafafunta suna iya ƙara maka kusan rabin kilo. In ka riga ka sayi mai zillon, bar matse ta, aza gabanta bisa tafin hannu a buɗe, wuri ɗaya kullum, za ka ga bambanci.

Lunet ɗin ma a kula, mai resor tana bugu baya ta bugo gaba, lunet mai arha wata guda sai ka ji abu na kaɗawa ciki.

Masu CO2, wato masu aiki da 'yar kwalbar gas, kam gaskiya ban ba ɗan Ader shawararsu ba. Suna da kyau, ba nauyi, ba girgiza, amma ƙarfinsu na bin zafin gari. 'Yar kwalbar giram 12 ɗin nan a digiri 20 matsinta kusan bar 57 ne (bar shi ne ma'aunin matsin iska), a digiri 31 ya wuce 70, mu kuwa Afrilu da Mayu muna haura 40 a inuwa. Sai bawul ya cije ko roba ta fara yoyo, ga neman kwalbar ma aiki ne, sai ka yi saƙo Yamai.

PCP, mai tankin iska, tana da daɗin harbi ƙwarai, amma tana son wajen bar 200. Injin mai faci bai wuce bar 8 ko 10 ba, ba zai cika ta ba ko an kwana. Sai famfo nata na musamman, to ka sa kuɗinshi cikin lissafi tun farko. Kuma don girman Allah kada wani ya kai ta wurin mai walda a ɗura mata oksijin, in ya haɗu da maiƙo cikin wannan matsi fashewa take yi a fuskar mutum. Wannan ba maganar lalacewar bindiga ba ce, rai ne.

Wurin ƙarko mutane sun fi duba ƙyalli. Gindin katako ya fi kyau a ido, amma in hunturu ya shigo iska ta bushe katakon na tsukewa, kusoshi su saki, bindiga ta daina bin saiti mai ita ya ce ta mutu, alhali turnabis kaɗai take so. Na roba bai damu da bushewa ba, sai dai kada a yasar da shi a rana. Kafin ka biya ka tambayi mai kaya ko ana samun resor da robar bakin bututu da robar fistan, in ya fara kame-kame ka aje mashi.

Sauran kuma mu ke kashe su da hannunmu. Harbi ba harsashi ciki yana sa fistan ya daki ƙarfe kai tsaye. Barin ta ɗane ta kwana yana gajiyar da resor. Wanda ya fi yawa shi ne man moto, mutum ya tsiyaya shi ramin iska wai don ta yi laushi, sai ka ji ƙara kamar ta albarushi hayaƙi na fita, ya yi murna ta ƙara ƙarfi, nan kuwa man ne ke kamawa da wuta yana ƙone roba. Wata da anka kawo mini bara da na buɗe ta robar ta zama baƙa ƙirin tana marmashewa, resor ya karye gida biyu, mai da ƙura sun haɗu sun yi kamar kwaɓaɓɓen laka. Tsumma mai ɗan maiƙo a goge ƙarfen waje ya isa, a sa ta cikin jaka a rufe.

In kana sa harsashi kuwa, hannu ɗaya ya riƙe bututun gam, yatsa nesa da kunama, don in ta kuɓuce bututun na komawa da ƙarfin da zai murƙushe yatsa ya lanƙwasa kanshi. Ka duba abin da ke bayan abin da kake auna, katangar siminti na maido harsashi, kuma ko ɗan ƙaramin harsashin nan mai milimita 4.5 yana fasa ido. Bindigata tana cikin akwati da kwaɗo, harsashin kuma wuri dabam inda yara ba su kai.