Yadda Ake Gano Musabbabin Ciwon Ƙirji da Yadda Ake Magance Shi

A ƙasar Hausa, idan mutum ya ce ƙirjinsa na ciwo, kafin ya rufe baki wani ya ce masa olsa ce, wani kuma ya ce sanyi ne ya kama shi, sai a aiki yaro kemis ya karɓo magani. Sau da yawa hasashen kan yi daidai, domin mafi yawan ciwon ƙirji daga tsoka ko ciki yake tasowa, kuma ba ya kisa. Sai dai a cikin ƙirjin nan ne zuciya da huhu da babbar jijiyar jini suke, kuma cututtukansu masu hallaka mutum cikin sa'o'i kaɗan sukan fara ne da irin wannan ciwon da ake rainawa. Saboda haka aikin farko, ko a gida ko a asibiti, shi ne a tabbatar ciwon ba ya cikin masu kisa, sannan a natsu a nemi ainihin musabbabinsa.

Alamomin da ba a jira a kansu

Toshewar jijiyar da ke kai wa zuciya jini ita ce abin da aka fi tsoro. Wanda ta same shi ba kasafai yake cewa ana soka masa wani abu ba. Yakan ce ne an ɗora masa nauyi a tsakiyar ƙirji, ko ana matse shi, kuma idan aka ce ya nuna wurin sai ya ɗora tafin hannunsa gaba ɗaya ko ya dunƙule hannu a kan ƙirjin, maimakon ya nuna da yatsa ɗaya. Ciwon kan bi hannun hagu, wani lokaci hannu biyun, ko ya hau wuya da muƙamuƙi, ko ya ratsa zuwa baya, yana tafe da gumi mai sanyi, tashin zuciya, jiri da haki. Idan irin wannan ciwo ya wuce minti 15 bai lafa ba duk da mutum ya zauna ya huta, to a ɗauka zuciya ce har sai gwaji ya nuna akasin haka.

Masu ciwon suga da tsofaffi da mata da yawa ba sa jin ciwon a wannan siffa. Wasu zafi kawai suke ji a saman ciki mai kama da ƙwannafi, wasu kuma kasala ce mai tsanani da haki da amai, kuma su ne aka fi yi wa maganin olsa har lokaci ya ƙure. Duk wanda ya haura shekara 40 kuma yake da hawan jini ko ciwon suga ko yake shan taba, idan wani sabon zafi ya taso masa a saman ciki tare da gumi, bai kamata a sallame shi da maganin ƙwannafi ba tare da an duba zuciyarsa ba.

Ban da zuciya, a garzaya asibiti nan take idan numfashi ya sarƙe farat ɗaya, ko mutum ya suma, ko yana tarin jini, ko leɓɓansa da faratansa sun canja launi, ko kuma ciwon ya zo masa da ƙarfinsa tun daga farko kamar ana yaga wani abu daga ƙirji zuwa tsakanin kafaɗu.

Abin da za a yi kafin a isa asibiti

A zaunar da mara lafiya ya jingina, a sassauta masa tufafi, a hana shi tafiya da ƙafa ko hawa bene, kuma kada a bar shi ya tuƙa mota ko babur da kansa. A Najeriya lambar gaggawa ita ce 112, amma inda babu tabbacin motar asibiti za ta iso da wuri, a nemi kowace mota a tafi, kuma a nufi babban asibitin da ke da na'urar gwajin zuciya, domin zagaye ƙananan wuraren shan magani yana cinye sa'o'in da suka fi kowane amfani.

Idan alamomin sun yi kama da toshewar jijiyar zuciya, a ba shi asfirin miligiram 300 ya tauna, domin yana hana gudan jinin da ya toshe jijiyar ƙara girma. Ba a ba da shi ga wanda jikinsa ba ya karɓar asfirin, ko mai gyambon ciki da ke zubar da jini, ko wanda ciwonsa ya zo da siffar yagewar nan zuwa baya, domin wannan na iya zama tsagewar babbar jijiya, kuma asfirin zai ƙara zubar jinin. Wanda likita ya riga ya rubuta masa ƙwayar GTN, maganin buɗe jijiyoyin zuciya da ake sawa a ƙarƙashin harshe, ya sa guda ɗaya, ya ƙara wata bayan minti 5 idan ciwon bai tafi ba. A nan akwai tambayar da kunya kan hana a yi, alhali rai ya rataya a kanta: idan mutum ya sha maganin ƙarfin maza a cikin kwana ɗaya ko biyu da suka wuce, GTN na iya faɗar da jininsa ƙasa har ya hallaka, kuma wasu haɗe-haɗen da ake tallatawa a kasuwa da sunan na gargajiya suna ɗauke da sinadarin maganin ƙarfin mazan a ɓoye. Ya wajaba mara lafiya ya faɗa wa likita gaskiya a kan haka.

Idan mutum ya faɗi ba ya amsawa kuma ba ya numfashi yadda ya kamata, a kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, a ɗora hannu ɗaya bisa ɗaya a tsakiyar ƙirjinsa, a riƙa dannawa da ƙarfi zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, ba tsayawa har taimako ya zo. Yayyafa ruwa da ɗura masa madara ko jiƙo ba sa dawo da zuciyar da ta tsaya, kuma ɗurar na iya wucewa huhu.

Yadda likita ke bin diddigin ciwon

Rabin binciken a tambaya yake, don haka wanda ya rako mara lafiya ya zo da amsoshi a shirye: yaushe ciwon ya fara, me mutumin ke yi a lokacin, ina yake bi, me ke ƙara shi kuma me ke rage shi, da kuma dukkan magungunan da yake sha har da na gargajiya. Ciwon da ke tasowa idan an yi sauri ko an ɗauki kaya, ya lafa cikin 'yan mintoci da an huta, yana nuna jijiyoyin zuciya sun ƙuntata ko da ba su toshe gaba ɗaya ba. Wanda ke ƙaruwa idan an ja dogon numfashi ko an yi tari ya fi karkata ga huhu da fatar da ta lulluɓe shi. Wanda ke tsananta idan an kwanta rigingine, ya yi sauƙi idan an zauna an sunkuya gaba, yakan fito ne daga kumburin jakar da zuciya ke ciki, kuma a ƙasashenmu tarin fuka na daga cikin manyan abubuwan da ke jawo wannan kumburi. Wanda kuma ake iya nunawa da yatsa, ya ƙaru idan an danna wurin ko an juya jiki, galibi na tsoka ne ko na mahaɗar haƙarƙari.

Bayan tambaya sai a auna jini a hannu biyu, a ƙirga bugun zuciya da numfashi, a maƙala ɗan abin nan a yatsa don ganin yawan iskar oksijin da ke cikin jini, sannan a saurari ƙirji. Gwajin ECG, wanda ake manna wayoyi a ƙirji da hannu da ƙafa don a ga yadda zuciya ke aiki, ƙa'idarsa ita ce a yi shi cikin minti 10 da isowar wanda ake zargin zuciyarsa ce. Ya kamata a sani cewa ECG na farko na iya fitowa lafiya ƙalau alhali toshewar na nan, shi ya sa ake maimaita shi, a kuma ɗebi jini a auna wani sinadari mai suna troponin wanda ke malalowa cikin jini idan naman zuciya ya fara lalacewa. Shi ma ba ya hawa nan take, don haka ake sake aunawa bayan 'yan sa'o'i, kuma iyalan da ke matsa wa a sallami ɗan'uwansu saboda gwajin farko ya yi kyau suna jefa shi cikin haɗari ne ba su sani ba. Hoton ƙirji yana nuna nimoniya (wato kumburin huhu da ƙwayoyin cuta ke jawowa), tarin fuka, ruwa ko iska a gefen huhu da girman zuciya, sikanin zuciya kuma yana nuna yadda take bugawa da lafiyar ƙofofinta. Manyan asibitocin koyarwa irin su na Aminu Kano, na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato suna da likitocin zuciya, kuma can ne ake tura wanda matsalarsa ta fi ƙarfin asibitin kusa.

Magani gwargwadon musabbabi

Idan an tabbatar jijiyar zuciya ta toshe, abin da ake so shi ne a buɗe ta da wuri, ko dai da allurar da ke narkar da gudan jini, wadda amfaninta ya fi yawa a sa'o'in farko kuma yake raguwa ƙwarai bayan awa 12, ko kuma a zura siririn bututu ta jijiyar hannu ko ta cinya a buɗe wurin a dasa ɗan ƙarfen da zai riƙe shi, a inda ake da kayan aikin. Bayan sallama mutum zai ci gaba da shan asfirin da maganin rage kitsen jini da na hawan jini, mafi yawansu har ƙarshen rayuwa. Kuskuren da aka fi yi shi ne ajiye maganin da zarar an ji sauƙi, alhali sauƙin nan maganin ne ya kawo shi.

Nimoniya, wadda ta fi yawa a lokacin hunturu, tana zuwa da zazzaɓi da tari mai majina da suka a gefen haƙarƙari. Mai sauƙi ana magance ta a gida da maganin kashe ƙwayoyin cuta irin su amoxicillin na kwana 5 zuwa 7 bisa umarnin likita, amma wanda ke haki ko iskar jininsa ta yi ƙasa sai an kwantar da shi. Tarin da ya wuce mako biyu, tare da rama da gumin dare, a kai majina a yi gwajin GeneXpert mai gano tarin fuka; gwajin da maganin tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin gwamnati a Najeriya, kuma ana shan maganin wata shida cur, domin yanke shi a tsakiya ne ke haifar da nau'in da ba ya jin magani.

Mai sikila na da hukuncinsa daban. Idan ciwon ƙirji ya haɗu masa da zazzaɓi da tari ko haki, kada a ɗauke shi a matsayin tashin ciwon da aka saba jinya a gida, domin wannan yanayi yana daga cikin manyan abubuwan da ke kashe masu sikila, kuma yana buƙatar oksijin da maganin ƙwayoyin cuta ta jijiya, sau da yawa har da ƙarin jini.

Gudan jini da ya taso daga ƙafa ya toshe jijiyar huhu yakan sami mai jego, ko wanda aka yi wa tiyata, ko wanda ya daɗe a kwance, ko wanda ya yi doguwar tafiya a zaune kamar daga Kano zuwa Legas, kuma sau da yawa za a tarar ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo. Maganinsa na tsinka jini ne na aƙalla wata uku. Mai jegon da ke haki, ƙafafunta suka kumbura, ba ta iya kwanciya sai da matasai da yawa, ita kuma a duba zuciyarta, domin raunin zuciya bayan haihuwa ya yi yawa a yankunan Zariya da Kano da Sakkwato, kuma tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka yi nuni da cewa kunun kanwa da zafin wankan jego suna ƙara wa zuciya nauyi. Iskar da ta taru a gefen huhu bayan haɗarin babur ko karayar haƙarƙari kuwa, bututu ake sakawa a fitar da ita.

Idan an kawar da waɗannan duka, sai a waiwayi ciki. Ƙwannafi zafi ne da ke hawowa daga ciki zuwa maƙogwaro bayan cin abinci ko idan an kwanta, kuma yana jin magani irin su omeprazole, tare da rage yaji da maiƙo, da barin tazarar awa uku tsakanin abincin dare da kwanciya. Gyambon ciki yawanci ƙwayar cutar H. pylori ce ke jawo shi, wadda ake ganowa ta gwajin bayan gida ko na numfashi, a kashe ta da haɗin magunguna na kimanin mako biyu. Abu na biyu da ke jawo shi su ne magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen da piroxicam, waɗanda ake ƙullawa a leda a sayar wa manoma da 'yan dako da sunan maganin gajiya, mutum ya sha kullum ba abinci a cikinsa. Jiƙa kanwa a sha don ƙwannafi yana kwantar da zafin na ɗan lokaci, amma gishirin da ke cikinta yana tayar da hawan jini. Baƙin bayan gida ko aman jini alama ce gyambon ya fara zubar jini, kuma wannan na asibiti ne a ranar.

Ciwon tsoka da na mahaɗar haƙarƙari yana warkewa da hutu da farasitamol da gashi da ruwan ɗumi cikin 'yan makonni, ba ya buƙatar tsaga ko ƙaho. Fargaba da damuwa su ma suna kawo matsewar ƙirji da faɗuwar gaba da saurin numfashi, musamman ga matasa, kuma ciwo ne na gaske da ake magancewa ta koyon jan numfashi a hankali da ganin likitan da ya ƙware a fannin. Sai dai ba a jingina ciwon ƙirji ga damuwa sai bayan an duba zuciya da huhu an same su lafiya, kuma wanda aka sallama da wannan bayani, idan ciwon ya dawo da sabuwar siffa ko ya zo da gumi da haki, ya koma a sake masa ECG a ranar.