Ga masu fama da bushewar ido

Jama'a, idon da ke yaji kamar an zuba masa yashi, yana kuma zubar da ruwa, sau da yawa bushewa ce. Galibi ƴan ƙofofin maiƙon da ke bakin fatar ido ne suka toshe, shi ya sa hawaye ke saurin ƙafewa, musamman lokacin hunturu.

Ku jiƙa tsumma mai tsabta a ruwan ɗumi, ba mai ƙuna ba, ku rufe ido ku ɗora na minti 10, safe da dare. Tsumman kan huce cikin minti biyu, nan mutane ke kuskure, sai a riƙa sake jiƙawa. Daga nan a murza fatar a hankali zuwa wajen gashin ido, a goge. Kada ku sa ran sauƙi kafin ƴan makonni.

Maganin ɗigawa mai kama da hawaye, ɗigo ɗaya ya isa. In kuna buƙatarsa fiye da sau 4 a rana, ku nemi marar sinadarin hana lalacewa. Maganin ɗigawa mai sinadarin dexamethasone kuwa, kada ku saya a kemis ba da izinin likita ba, yana iya jawo hawan jinin ido da yanar ido.

A rage kwalli a cikin ido, a kawar da fanka daga fuska. Ciwo mai tsanani ko raguwar gani, sai asibiti.