Yadda zaka auna ƙurar da ke haɗa ƙanƙara cikin girgije

In kana Gusau, bari sai hunturu ya kama, lokacin da ƙurar Bodele ta Chadi ke sauko mana. Sa famfo ya zuƙi iska ta cikin filta mai tsabta na 'yan awoyi, ka rubuta lita nawa ya ja, kar fa ka manta wannan, don da shi zaka lissafa yawan irin wannan ƙurar a kowace lita ta iska. Sai ka wanke filtar cikin tataccen ruwa, ka ɗiɗɗiga kan farantin sanyi kana rage zafin farantin da digiri 1 na Celsius duk minti, kamara na ɗauka, kai kuma kana ƙirga ɗigon da suka daskare. A girgije tsantsar ruwa kan kai wajen digiri -38 bai daskare ba, mai ƙura kuwa tun wajen -20 ya kama. Don Allah sa safar hannu, dattin yatsa kaɗai ya isa ya ɓata maka aikin.