Kurakuran da aka fi yi wajen ƙiyasta nauyin bishiya da tef

Wanda ya taɓa fita awon bishiyoyi a gonakin Marwa ko Mokolo ya san ba a sare bishiya a ɗora ta a sikeli. Kaurinta da tsawonta da nauyin irin itacenta ake haɗawa a fitar da kilo. Ɓarnar kuma yawanci a gindin bishiyar take faruwa, tun kafin a je ga kwamfuta.

Babban kuskure shi ne a zagaya gangar da tef, a rubuta abin da aka samu a matsayin kauri. Wannan kewaye ne, sai an raba shi da 3.14 kafin a samu kauri, wato faɗin gangar daga gefe zuwa gefe ta tsakiya. Gawon da kewayensa ya kai santimita 94, kaurinsa 30 ne. Da yake lissafin yana ninka kauri da kansa, wanda ya saka 94 zai samu nauyin da ya kusa ninka na gaskiya sau goma. Abin yana damuna ƙwarai, domin rubuta "kewaye" a saman takarda kawai ya isa ya hana shi.

Sai wurin ɗora tef. Ƙa'ida mita 1.3 ce daga ƙasa, ba ƙirjin mai awo ba, tunda wani dogo ne wani gajere. A yanki sanda daidai wannan tsawon a riƙa jinginawa. A gangaren duwatsun Mandara, a tsaya ta ɓangaren tudu. Aduwa ko bagaruwar da ta rabu biyu ƙasa da wannan wuri, kowane reshe a auna shi daban.

Tsawo kuwa kada a yanka da ido. A fili mai shimfiɗe, a kafa sandar mita 2, a auna inuwarta da ta bishiyar a lokaci guda, a kwatanta: yadda inuwar bishiyar ta ninka ta sandar, haka tsawonta ya ninka mita 2.

Itace ma ba ɗaya ba ne. Na kuka sakayau ne, ruwa ya yi masa yawa, tsohuwar kuka ma takan yi kogo. Na bagaruwa ya ninka shi nauyi fiye da sau biyu. Haka gawon da makiyaya suka sassare wa rassa don dabbobi: gangarsa na nan da kauri, amma kansa ya tafi. A rubuta hakan a gefen lambarsa, kada a lissafa shi da tsarin lissafin da aka tsara don kurmin kudancin Kamaru.

Abin da lissafin ya bayar nauyin busasshen itace ne na saman ƙasa, ban da saiwa. Mai neman yawan sinadarin kabon da ke cikin itacen sai ya ninka shi da 0.47.