Digirin Ƙasar Waje: Kurakuran da Ke Hana a Amince da Shi a Najeriya

Yawancin waɗanda takardunsu ke maƙalewa a Abuja ba a Abuja suka yi kuskuren ba. Sun yi shi ne tun ranar da suka biya kuɗin makaranta a hannun dillali, ba tare da sun tambayi ko Najeriya ta san da zaman wannan jami'a ba. Ƙofofi uku digirin waje yake bi kafin ya amfani mai shi: amincewar ƙasar da makarantar take, tantancewar Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, sai lasisin hukumar sana'a ga masu sana'ar da doka ta killace. Wucewa ta ɗaya ba ya buɗe ta gaba.

Ɗaukar rajista a matsayin amincewa

Makaranta na iya samun izinin buɗewa a ƙasarta, amma kwas ɗin da ka shiga bai samu amincewa ba. Dillali zai nuna maka takardar izini mai hatimi, kai kuma ba ka jin Faransanci ko Larabci, sai ka gyaɗa kai. Abin tambaya biyu ne: wace hukuma ce ta amince da makarantar, kuma wannan kwas ɗin yana ciki? A ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, irin su Nijar, ana duba ma'aikatar ilimi mai zurfi ta ƙasar da kuma CAMES, majalisar ilimi mai zurfi ta waɗannan ƙasashe, mai hedikwata a Wagadugu. Ga likitanci, a fara da kundin makarantun likitanci na duniya da ke intanet, sannan a tambayi MDCN, hukumar rajistar likitoci ta Najeriya, kai tsaye.

Darasin Kwatano, ta Jamhuriyar Benin, ya ishi kowa. A ƙarshen 2023 wani ɗan jaridar Daily Nigerian ya bayyana yadda ya samo digiri daga can cikin makonni shida, har ya shiga bautar ƙasa da shi. Ranar 2 ga Janairun 2024 gwamnati ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo. Daga baya a shekarar, ministan ilimi na lokacin, Tahir Mamman, ya ce jami'o'i takwas kaɗai aka amince da su, biyar a Benin, uku a Togo. Masu takardun bogi sun ja wa waɗanda suka zauna aji da gaske. Idan ka riga ka shiga makarantar da ba a amince da ita ba, komawa wata tun kana aji biyu ya fi sauƙi a kan riƙe kwalin da babu mai karɓa.

Tafiya ba tare da cika sharaɗin gida ba

Wasu suna ficewa ne saboda ba su ci Turanci ko Lissafi a WAEC ko NECO ba, can kuma aka ɗauke su a haka. Da dawowarsu sai NYSC, hukumar bautar ƙasa, ta nemi kiredit biyar, har da waɗannan biyun. Rubuta jarrabawar bayan an gama digiri yana jawo tambaya, domin shekarar sakamakon ta zo bayan shekarar shiga jami'a. A gyara sakamakon kafin a tafi.

Suna uku, mutum ɗaya

A nan ne ake ɓata watanni a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Takardar sakandare ta ce Muhammad Sani Abdullahi. Fasfo ya ce Mohammed Abdullahi Sani. Jami'ar Maraɗi ko ta Yamai ta rubuta Mahamadou, ta Alƙahira kuma ta rubuta da Larabci, mai fassara ya mayar yadda kunnensa ya ji. A wurinmu duk suna ɗaya ne. A wurin jami'in da ke riƙe da biro yana bin harafi bayan harafi, mutum uku ne a gabansa. Haka ranar haihuwa: wanda ya rage shekaru a fasfo don kada ya haura 30 ya rasa bautar ƙasa, ya haɗa wa kansa rigimar da ta fi takardar yafewa ciwo.

Maganin shi ne, tun ranar rajista a miƙa wa jami'a fasfo, a ce haka za a rubuta. Kafin a buga kwalin a je ofishin rajistara a duba rubutun da ido. In an riga an buga da kuskure, wasiƙar jami'ar da ke tabbatar da cewa mutum ɗaya ne ta fi rantsuwar kotu ƙarfi, kodayake sau da yawa biyun ake haɗawa.

Fasfon da bai nuna ka je ba

Ɗaliban da ke karatu a maƙwabta sun fi faɗawa wannan. Mutum ya shekara huɗu yana ƙetara iyaka ta Jibiya ko Seme a kan babur, fasfonsa fes, babu hatimin shiga ko na fita. Masu tantancewa kuwa da hatiman nan da biza da takardar izinin zama suke gane cewa ka zauna a ƙasar lokacin karatu. A tsaya a buga hatimi, kuma kada a yar da tsohon fasfo idan an sabunta.

Barin takardar maki sai an gama

Kwali ba ya tafiya shi kaɗai, sai da takardar makin darussa ta kowace shekara. Ɗaliban da yaƙin Sudan ya koro a Afrilun 2023, da na Yukiren a 2022, sun ga wahalar neman takarda daga makarantar da ke rufe. A karɓi ta kowace shekara mai sa hannu da hatimi, a ajiye hotonta a imel. Wadda ba da Turanci take ba a fassara ta a ofishin jakadancin ƙasar ko a sashen harshen na wata jami'ar Najeriya, ba wurin mai shagon kwamfuta ba.

Wani ƙaramin abu: kada a liƙe kwalin asali da leda. Hatimin tabbatarwa a bayan takarda ake buga shi, tawada kuma ba ta kama leda. Ɓare ta yakan tafi da rubutun.

Zaton wasiƙar ma'aikata lasisi ce

Wasiƙar tantancewa tana faɗin matakin da digirinka ya yi daidai da shi ne kawai. Likitan da ya karanta a waje sai ya ci jarrabawar MDCN, ya samu rajistar wucin gadi, ya yi horon shekara guda a asibiti. MDCN ba ta yarda da karatun likitanci ta intanet ba, ta kuma bayyana haka ƙarara a 2022 game da Yukiren. Mai digirin lauya daga waje yakan fara da zangon farko na Makarantar Lauyoyi kafin ya haɗu da 'yan gida a zango na biyu, kuma digirin Shari'ar Musulunci zalla ba shi ne digirin da wannan makaranta ke nema ba. Masu haɗa magunguna na da PCN, injiniyoyi na da COREN, ma'aikatan jinya na da tasu majalisar.

In kai ne mai fita da takardun Najeriya

Kowace ƙasa da hukumar da ke auna mata digirin waje: WES na cikin waɗanda Kanada ke karɓa, Birtaniya na da UK ENIC, Jamus na da ZAB da kundin anabin. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar takardar maki da hannunka ka aika. WES na so ta fito daga jami'arka kai tsaye, ko ta hanyar intanet da suka yarda da ita, ko cikin ambulan rufaffe mai hatimi a bakinsa. Wanda ya buɗe don ya leƙa makinsa ya kashe ta, sai ya sake biya a ofishin rajistara. Idan kuma ƙasar na neman tabbatarwa, jerin shi ne Ma'aikatar Ilimi, sai Ma'aikatar Harkokin Waje, sannan ofishin jakadancinsu. Wanda ya fara da jakadanci za a mayar da shi farkon layi.